Waiwaye: suga da ƙananan jijiyoyin jini

Kawuna manomin shinkafa ne a Argungu, siriri kamar kara, ba tumbi ba komai, amma suga ta kashe mishi ƙafa. Ranar da munka gane abin ya yi nisa ƙusa ce ta huda silifas ɗinshi ya yini da ita a fadama bai ji ba, sai da yamma anka ga jini. Likita ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne sunka lalace, waɗanda sun fi gashin kai siranta, su ke ciyar da ido da ƙoda da tafin ƙafa.

Maganar ga ta daɗe fa. A 1921 anka gano insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, a Toronto ta Kanada, mutane sunka ɗauka shi ke nan an gama da suga. Sai a 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya nuna akwai masu sugan da ko an yi musu allurar jikinsu bai cika sauraronta ba, wato insulin ɗin na nan, jiki ne ya yi kunnen ƙashi. A 1988 Gerald Reaven a Amurka ya ce wannan ƙin jin da hawan jini da kitsen jini duk tafiyarsu ɗaya. Daga baya anka gane insulin da kanshi yana buɗe ƙananan jijiyoyin tsoka don suga ta samu hanyar shiga, to in sun ƙage ina za ta bi? Ƙin jin insulin da lalacewar jijiyoyin, kowanne yana ƙara ma ɗan'uwanshi ciwo.

Inda abin ya shafe mu shi ne, kusan duk ma'aunan da ake gane ciwon ga da su a jikin Turawa anka tsara su. Binciken da anka fara a Southall, yammacin Landan, a 1988 ya nuna 'yan asalin Indiya da Pakistan sun fi Turawa ƙin jin insulin nesa ba kusa ba, ga ciwon zuciya. Baƙaƙen fata 'yan Karebiyan kuma suga ta yi musu yawa, shanyewar ɓarin jiki ma haka, amma bugun zuciya bai kai na Turawa ba. Wani abin mamaki, baƙar fata na iya ƙin jin insulin alhali awon kitsen jininshi ya fito tsaf, a ce mishi lafiya lau.

Sannan awon HbA1c, mai nuna matsakaicin suga a jini, da ake yi bayan wata uku uku, mai jinin AS yana iya samun sakamakon da bai dace da ainihin sugarshi ba, kuma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, ka ga ba ƙaramin lamari ba ne.

Kawu dai yanzu kullum kafin ya kwanta sai inna ta haska mishi tsakanin yatsun ƙafa da tocilan waya, an kuma ce mu kai shi Birnin Kebbi a ɗiga mishi magani a duba bayan idonshi.