Waiwaye: Dutsen da Aka Fasa a 1948 da Rigimar Tafkunan Minesota

Ranar Juma'a a majalisarmu ta Ƙofar Marusa, ƙanena ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, dubi ikon Allah." Miji da mata ne cikin kwale-kwale a arewacin jihar Minesota ta Amurka, dab da iyakar Kanada. Kwana 366 suka yi a daji, daga Satumban 2015 zuwa na 2016. In tafki ya ƙare su saɓa jirgin a kafaɗa su ratsa kurmi zuwa na gaba, da sanyi ya daskarar da ruwan kuma karnuka suka riƙa ja musu kaya. Duk don duniya ta ji labarin shirin haƙar tagulla a gefen dajin. Nan musu ya kaure, wasu na cewa aikin yi ne gaba, wasu na cewa ruwa. Can ma musun da ake yi ke nan har yau, kuma da yawa sun ɗauka jiya-jiya ya taso.

Dajin, wanda ake kira Boundary Waters, ya haura eka miliyan ɗaya, da tafkuna sama da 1,000, kuma ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin yankin, na tuƙi a cikinsa tun ƙarnoni da suka wuce. An yi gandun dajin Superior, wanda Boundary Waters ke cikinsa, a 1909, Boundary Waters ɗin ya shiga dokar kare dazuzzuka ta 1964, sannan dokar 1978 ta hana haƙar ma'adinai a cikinsa. Wannan ba ɓoyayye ba ne.

Abin da ba a cika faɗa ba ya faru ne a 1948. Ana fasa wata hanyar daji kusa da kogin Kawishiwi ta Kudu, kudu maso gabas da garin Ely, sai duwatsun da aka farfasa suka nuna alamar tagulla da nikel. Mutanen yankin tun shekarun 1880 suke haƙar tama, da ita suka ci suka sha suka aurar da 'ya'ya, don haka ba mamaki in sun ga kamar wata tamar ce Allah ya ƙara musu. Amma wannan dutsen daban yake. Ƙarfen cikinsa a cakuɗe yake da farar wuta, in an fasa shi iska da ruwa suka taɓa shi, sai ya riƙa tsiyayar da asid irin na ruwan batir, shekara da shekaru, ko bayan an rufe ramin. Da ma an ce ruwa ba ya tsami banza. Tafkunan kuwa a kan fa suke zaune, ba su da farar ƙasar da za ta kashe tsamin.

Sai kuma inda dutsen yake. A wajen layin dajin yake, amma ta saman ruwa. Kogin na gangarawa ne cikin dajin, ya bi tafki bayan tafki har Kanada. A ganina nan ne tushen rigimar: an shata iyaka a kan ƙasa, ruwa kuwa gangare yake bi. A 1966 aka ba da hayar haƙa a wurin, a 1967 mahaƙar tama ta ƙarshe a Ely ta rufe, magidanta suka rasa abin yi. Tun lokacin garin ya rabu biyu, masu jiran rami da masu cin abinci da baƙi masu yawon kwale-kwale, kuma ni ban ga laifin uban da ke nema wa ɗansa aiki ba. Hanin haƙa na shekara 20 da gwamnatin Amurka ta sa a 2023 a kan eka kusan 225,000 bai kashe maganar ba.

Mu da muka ji yadda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010, kuma muke shan ruwan dam ɗin Ajiwa a Katsina, wannan labari bai yi mana nisa ba. Baba, tsohon masunci da ya yi shekaru yana jefa taru a dam ɗin Zobe, bai ce uffan ba sai da muka lafa. Ya ce, "Ɗana, ramin nan sama da ruwan yake ko ƙasa?" Na ce, "Sama yake, Baba." Ya girgiza kai, ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.