Likitocin tiyatar zuciya a lokacin annobar korona

Tiyatar zuciya tana cikin fannonin aikin asibiti da annobar korona ta fi girgizawa, tun daga lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, 2020. Dalilin a fili yake. Duk wanda aka buɗe wa ƙirji, ko don a yi wa jini sabuwar hanya inda jijiya ta toshe, ko don a canja ƙofar zuciya da ta lalace, daga ɗakin tiyata sai sashen kulawa ta musamman, inda za a ɗora masa na'urar numfashi, ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kansa, sau da yawa kuma a yi masa ƙarin jini. Waɗannan abubuwa su ne masu korona da cutar ta ci musu huhu suke buƙata, kuma sun zo da yawan da asibitoci ba su taɓa gani ba.

Sake tsarin aiki

Yankin Lombardiya na Italiya ne ya fara fuskantar wannan matsi a Turai. A watan Maris na 2020 hukumomin yankin suka dakatar da tiyatar zuciya ta manya a cibiyoyi 16 daga cikin 20, aka bar huɗu kawai, ciki har da Monzino da San Raffaele na birnin Milan, su riƙa karɓar duk wanda ba zai iya jira ba. A Landan ma an tattara aikin gaggawa a asibitocin Barts da Harefield, likitoci daga wasu asibitoci suna zuwa can su yi aiki. A Amurka, alƙaluman ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji sun nuna cewa tiyatar zuciya ta manya ta ragu da fiye da rabi a watan Afrilu na wannan shekara.

Wa zai jira, wa ba zai jira ba

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a kan likitocin, domin ciwon zuciya ba ya tsayawa don ana annoba. Wanda babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsa ta tsage, babu gardama a kansa, yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Wahalar tana wurin waɗanda ke tsakiya, kamar dattijon da ƙofar zuciyarsa ta tsuke ƙwarai har ya fara haki ko suma in ya hau bene. A takarda aikinsa ba na gaggawa ba ne, amma kowane wata na jira yana ƙara masa haɗari. Saboda haka cibiyoyi da dama suka kasa marasa lafiya gida-gida bisa tsananin ciwo, suna bin waɗanda ke jira ta waya, su tambayi yadda numfashi yake, ko ƙafa ta kumbura, ko ciwon ƙirji ya ƙaru, wanda ya tsananta sai a matso da shi gaba.

Shigo da mutum asibiti ma yana da nasa haɗarin. Binciken COVIDSurg, wato haɗin gwiwar likitocin tiyata na ƙasashe da dama, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta buga a watan Mayu na 2020, kan mutum 1,128 a ƙasashe 24 waɗanda aka yi wa tiyata iri-iri suna ɗauke da cutar korona, ya gano cewa kusan kashi 24 cikin ɗari sun mutu cikin kwana 30, kusan rabi kuma sun gamu da matsalar huhu. Daga nan gwaji da killace mara lafiya kafin aiki suka zama ƙa'ida, daga baya kuma aka ba da shawarar jinkirta tiyatar da ba ta gaggawa ba har mako bakwai bayan kamuwa. Inda hali ya yi, an karkata ga hanyoyin da ba sa buƙatar buɗe ƙirji, wato a zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu a buɗe inda ya toshe ko a dasa sabuwar ƙofa, saboda mai wannan aiki ba ya daɗewa a gadon asibiti.

Abin takaici shi ne yadda tsoro ya zaunar da mutane a gida. A Ingila, masu zuwa asibiti da bugun zuciya da makamantansa sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa ƙarshen Maris na 2020. Wasu sai bayan kwanaki suke zuwa, lokacin da naman zuciya ya riga ya mutu, har likitoci suka riƙa ba da rahoton ganin hujewar bangon da ya raba ɗakunan zuciya, matsalar da ta yi ƙaranci tun da aka saba buɗe jijiya da wuri.

A ɗakin tiyata da wajensa

Aikin kansa ya ƙara wuya. Likitan zuciya yana ɗinka jijiyar da kaurinta bai wuce milimita biyu ba, da zaren da ya yi kusan gashin kai siranta, yana sanye da tabarau mai ƙara girma da fitila a goshi. A kan waɗannan aka ɗora masa takunkumi mai matse fuska da garkuwar roba, tururin numfashi yana rufe gilashi, murya kuma ba ta fita sosai, alhali dole mai kula da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu ya ji kowane umarni daidai, a aikin da kan ɗauki sa'a huɗu ko fiye.

Da yawa daga cikin likitocin tiyatar zuciya an mayar da su sashen masu korona, suna sa bututun jijiya, suna huda maƙogwaro don numfashi, suna taya kifar da marasa lafiya rubda-ciki. Inda ƙwarewarsu ta fi amfani shi ne na'urar ECMO, wadda ke fitar da jini daga jiki, ta sa masa iskar oksijin, ta mayar, domin huhu ya huta. Rahoton da aka buga a 2020 kan masu korona 1,035 da aka ɗora wa wannan na'ura a ƙasashe 36 ya nuna cewa waɗanda suka mutu a cikinsu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, sakamako mai kyau in aka duba cewa waɗannan su ne waɗanda na'urar numfashi ta gaza musu. A birnin New York, inda aka mayar da ɗakunan tiyata sashen kulawa ta musamman, Craig Smith, likitan zuciya kuma shugaban sashen tiyata na Jami'ar Columbia, ya riƙa rubuta wa ma'aikatansa wasiƙa kullum, wasiƙun suka bazu har wajen asibiti. Likitoci masu koyon aiki kuwa sun yi asarar watanni na horo da hannu, wanda darasin intanet ba ya maye gurbinsa.

Inda aikin yake da ƙaranci tun asali

A ƙasashen Afirka da dama matsalar ta zo ta wata fuska. Nijeriya ta yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Inugu a 1974, amma har zuwan korona kaso mai yawa na aikin ya dogara ne ga tawagogin likitoci masu zuwa daga waje lokaci-lokaci, da kuma tafiyar masu hali zuwa ƙasashe irin su Indiya. Da aka rufe filayen jiragen sama ga zirga-zirgar ƙasa da ƙasa daga 23 ga Maris zuwa farkon Satumba na 2020, hanyoyin biyu suka toshe a lokaci guda. Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran da aka haifa da huji a zuciya, da matasan da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba ya lalata musu ƙofofin zuciya, domin cibiyoyin cikin gida masu yin aikin da ma'aikatansu na dindindin kaɗan ne, kuma kayan aikin da suke amfani da su, daga ƙofar roba zuwa bututun injin, daga waje ake shigo da su.