Rikicin Santsi da Taɓo a Jam'iyyar PRP

Santsi da Taɓo su ne ɓangarori biyu da jam'iyyar PRP ta dare ta zama a Jamhuriya ta Biyu a Najeriya. An kafa PRP a 1978 ƙarƙashin Malam Aminu Kano, a kan aƙidar gurguzu da 'yantar da talaka, a matsayin magajiyar NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam. Alamarta mabuɗi.

Shugabanci

Malam ne shugaban jam'iyya na ƙasa, tsohon jagoran 'yan ƙwadago Michael Imoudu na cikin mataimakansa, S. G. Ikoku kuma babban sakatare.

Mafarin ɓaraka

A zaɓen 1979 PRP ta ci kujerar gwamna a jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Da hawansu suka soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU suka daɗe suna fafutuka a kai. Saɓanin ya taso ne kan wanda za a yi ƙawance da shi. Gwamnonin biyu sun riƙa zama da takwarorinsu na jam'iyyun adawa, UPN da GNPP, taron da aka sani da na gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba. Uwar jam'iyya ta ce ba da yawunta ba, ta hana su, suka ƙi ji. Su kuma suna zargin wasu na kusa da Malam da karkata wajen NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin. Wajen 1980 aka kori gwamnonin biyu daga jam'iyya, magoya bayansu suka ɗora Imoudu a matsayin shugaba.

Masu biye wa gwamnoni, galibinsu 'yan boko da matasa, aka kira Santsi. Waɗanda suka tsaya bayan Malam, irin su Sabo Bakin Zuwo, su ne Taɓo. Hukumar zaɓe ta FEDECO ɓangaren Malam ta amince da shi.

Abin da ya biyo baya

Majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981. A watan Yuli, bayan gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, tarzoma ta ɓarke a Kano, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Har yau ana taƙaddama kan masu hannu.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya sauka daga mulki ya sake tsayawa takarar gwamna a wata jam'iyya, NPP, Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da shi. Wata uku kacal Sabo ya yi a kujera sojoji suka karɓe mulki a ƙarshen Disamba.