Sensar totur a mota: aikinta da yadda ake gano matsalarta

Sensar totur wata 'yar na'ura ce da ke haɗe da abin taka totur na mota. Aikinta shi ne ta auna zurfin takun direba, ta mayar da shi ma'aunin wutar lantarki, ta aika wa ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. A takardun masu ƙera motoci ana taƙaita sunanta da APP ko APPS. Ana samun ta a motocin da babu kebul tsakanin ƙafar direba da inji, kuma yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau haka suke, na fetur da na dizal.

A da, kebul ɗin ƙarfe ne ke tashi daga totur ya je ya ja murfin da ke cikin maƙogwaron iska na inji. Kamfanin BMW na Jamus yana cikin na farko da suka cire wannan kebul, a manyan motocinsa na jerin 7, a ƙarshen shekarun 1980. A tsarin yanzu direba buƙata kawai yake miƙawa. Ƙwaƙwalwa ce ke duba buƙatar, ta haɗa da gudun mota da giyar da ake ciki da ko an taka birki, sannan ta umarci wani ƙaramin moto ya buɗe murfin iska. A injin dizal kuwa yawan man da nozul zai fesa take ƙarawa ko ragewa.

Yadda aka gina ta

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana da wani siririn ƙarfe da ke gogar hanyar gawayi yayin da totur ke motsi, kamar maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo. Wannan yana cinyewa da daɗewa, musamman a daidai wurin da ƙafar direba ta fi zama a kan hanya. Na biyu yana aiki da maganaɗisu, ana kiran sa sensar Hall, babu abin da ke gogar wani a cikinsa, shi ya sa ya fi ƙarko.

Ko wane iri ne, aƙalla sensa biyu ce a gida ɗaya, saboda tsaro. Soket ɗinta galibi waya shida ne: biyu na kawo bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, biyu na ƙasa masu mayar da wuta, biyu kuma na kai saƙo. Da gangan aka sa saƙonnin biyu su bambanta. A motoci da yawa na biyu rabin na farko ne, idan ɗaya ya nuna bolt 0.8 ɗayan zai nuna 0.4. A Toyota da dama tazara ce tsayayya, na farko kusan 0.8 na biyu kusan 1.6 idan ba a taka ba, su hau tare. A wasu motocin ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Hikimar ita ce, idan wayoyin saƙon biyu suka haɗe da juna za su nuna adadi ɗaya, nan take ƙwaƙwalwa ta gane da matsala. Haka kuma lafiyayyar sensa ba ta sauka zuwa sifili, ba ta kaiwa cikakken bolt 5 a saƙon farko, don haka ganin ɗayan waɗannan alama ce ta tsinkewar waya ko haɗewarta.

Alamomi

Da ƙwaƙwalwa ta daina yarda da saƙon, sai ta rage wa inji ƙarfi. Direba zai taka totur har ƙasa mota ta ƙi ja, ko ta yi nauyi kafin ta amsa, ko ta tsaya a kan silo mai ɗan tsayi wanda zai iya kai ta gefen titi kawai. Fitilar inji takan kama. A Volkswagen da Audi fitila mai rubutun EPC ce ke fitowa, a Ford kuma hoton sifana. Sau da yawa idan aka kashe mota aka sake tayarwa sai ta dawo daidai na ɗan lokaci, abin da ke sa masu mota su yi ta jan ƙafa har ranar da za ta yi musu a tsakiyar wuce tirela.

Lambobin matsala

Tun daga 1996 a Amurka, da 2001 ga motocin fetur a Tarayyar Turai, doka ta wajabta soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake jona kwamfutar gwaji don karanta lambobin matsalar da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Lambobin da suka shafi wannan sensa sanannu ne. P2122 na nufin wutar saƙon farko ta yi ƙasa, P2123 ta yi sama. P2127 da P2128 haka suke ga saƙo na biyu. P2138 na nufin saƙonnin biyu sun saɓa wa juna. Akwai kuma P2135, wadda ake yawan rikita ta da P2138, alhali a yawancin motoci ita maganar sensar maƙogwaron iska take yi, can cikin bonet.

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Lambar ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi wutar da ta iso ƙwaƙwalwa ba daidai take ba. Tsakanin totur da ƙwaƙwalwa akwai waya da soket, wani lokaci soket biyu ko uku, kuma kowanne na iya jawo wannan lambar. Makaniken da ya ga P2138 ya ce a je kasuwa a sayo totur, canki-canki yake yi.

Gwaji

Ana farawa da ido. A duba ko kafet ya tokare totur, ko akwai danshi a ƙasan direba. Ruwan da ke ɗigowa daga gilashin gaba ko wanda ya shiga a wurin wanki yakan sa bakin soket ya yi kore. A cire soket ɗin a haska shi da tocila: ƙarfen da ya buɗe baki, ko ya koma ciki, ko ya yi tsatsa, ya isa ya kawo matsalar. A gwada batir ma, domin batir mai rauni yana sa wuta ta faɗi lokacin tayarwa, ƙwaƙwalwa ta ajiye lambobin da ba su da tushe.

Daga nan sai a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a buɗe shafin kwamfuta da ke nuna saƙonnin biyu kai tsaye. A taka totur a hankali ƙwarai har ƙasa, a sake shi a hankali. Lafiyayyar sensa za ta hau sumul ta sauka sumul, kuma dangantakar saƙonnin ba za ta canza ba. Idan ɗaya ya faɗi kwatsam a wani wuri ya dawo, kuma kullum a wannan wurin yake faɗuwa, hanyar gawayin ce ta cinye. Idan kuwa faɗuwar ba ta da wuri tsayayye, sai a bar totur a yadda yake, a kama damin wayoyi a girgiza shi, daga ƙafar direba har inda ya ratsa bangon inji. Adadin da ya yi tsalle lokacin girgiza ya wanke sensa, ya kama waya.

Mai mitar auna wutar lantarki kaɗai ma zai iya aiki mai yawa. Ana soka siririyar allura ta bayan soket yana a jone, ba a huda rigar waya, don hujin nan shi ne ƙofar tsatsar gobe. A tabbatar da bolt 5 a wayoyin kawo wuta biyun. A auna tsakanin wayar ƙasa da kan negatif na batir, bai kamata ya wuce kusan bolt 0.1 ba. Sai a bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Sai dai mita mai lambobi tana da jinkiri, faɗuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba za ta wuce ta, ita kuwa ƙwaƙwalwa ta gani. Na'urar da ke zana igiyar wuta a allo ta fi kama irin wannan. Auna juriyar wuta da mita yana da amfani a sensa mai gawayi kawai, a ta maganaɗisu ba ya nuna komai. Fitilar gwaji mai kwan wuta da masu rewaya ke yawo da ita kuma ba ta da hurumi a waɗannan wayoyi, tana iya ƙona hanyar cikin ƙwaƙwalwa.

Idan bolt 5 ɗin ne babu, ba lallai laifin totur ba ne. A motoci da yawa wannan wutar ana raba ta da wasu sensoshi, kamar ta matsin gas ɗin AC ko ta matsin iska. Ɗaya daga cikinsu ta haɗe a ciki, sai ta ja wutar kowa ƙasa. Lambobin P0641 da P0651 suna nuni ga haka. Ana cire sensoshin ɗaya-ɗaya ana kallon mita, wadda aka cire wuta ta dawo ita ce mai laifi.

Darasin Toyota

A 2009 da 2010 Toyota ta kira a dawo da miliyoyin motoci don gyara saboda koke-koken cewa suna ƙara gudu da kansu. Dalilan da aka tabbatar biyu ne, kafet da ke riƙe totur, da totur da ke danƙarewa ya ƙi dawowa da wuri. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta gayyato injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, kuma rahoton da ya fito a Fabrairun 2011 bai sami lahanin lantarki da ke buɗe totur sosai da kansa ba. Amma sun ga wasu siraran gashin kuza da suka tsiro a cikin wata sensa mai gawayi, suka haɗa saƙonnin biyu, abin da ya sa motar ke amsa taku ba daidai ba. Bayan wannan lamari ne tsarin fifita birki ya yaɗu, wanda ke yanke totur idan aka taka shi tare da birki. Direban da ke ɗora ƙafar hagu a kan birki, ko motar da makunnin fitilar birkinta ya lalace, na iya ganin alamar da ta yi kama da mutuwar sensa.

Canji

A yawancin motoci ba a sayar da sensar ita kaɗai, ana canza totur ɗin gaba ɗaya, noti biyu ko uku ne da soket. Wasu Honda Accord na tsakiyar shekarun 2000, waɗanda suka yi yawa a titunan Najeriya, sun bambanta: kebul ne ke tashi daga ƙafar direba zuwa sensar da ke cikin bonet, don haka mai neman ta a ƙasan sitiyari ba zai gan ta ba. Mai sayen na hannu ya dace ya daidaita lambar da ke jikin kayan, domin totur biyu na iya zama kamanni ɗaya da soket ɗaya amma ma'aunin wutarsu daban. Wasu motocin kuma sai an koya wa ƙwaƙwalwa matsayin sabon totur. A Nissan da yawa ana barin totur ba a taka ba, a kunna makulli na aƙalla daƙiƙa 2, a kashe na aƙalla daƙiƙa 10, a maimaita sau ɗaya, sannan a goge lambobin a fita gwaji a kan hanya.