Hannu na ɗagawa, guduma ta ƙi bugu: amsoshin da na gaji da maimaitawa kan ƙaramar katafila

Ƙaramar katafilar nan mai ƙafar roba, wadda direbobi ke kira Bobcat ko da Kubota ce ko JCB, ta fara yawa a wuraren gini a Kaduna, daga Millennium City har Rigachikun. Kusan duk wanda ya kira ni a kanta kukansa ɗaya ne: layin man da ke jikin hannu, wanda ake jona wa gudumar fasa kankare ko mahaƙin rami, ya daina aiki. Shi ne muke ce wa ogzilari. Na tara tambayoyin a nan ko na huta da wayar bayan Isha'i.

Famfo ne ya mutu, ko?

A'a. In hannu na ɗagawa, bokiti na kifewa da ƙarfinsa, famfo na nan da ransa, don a yawancin injunan nan famfo ɗaya ke ciyar da su duka. Ku bar yi masa jana'iza tun bai yi ciwo ba.

Na danna maɓalli, ko motsi babu.

Kana zaune a kujera? Ka sauke ƙarfen da ke tare ciki? Ka kunna ogzilarin kansa? Injin ba ya sakin mai sai ya tabbatar da mutum a ciki, a Bobcat tsarin nan sunansa BICS. In duk ka yi, duba fiyus. In fiyus lafiya, bi waya har kan solinoid, wato maganaɗisun lantarkin da ke jikin bawul yana buɗe wa mai hanya, ka sa mita ka ga ko wuta bolt 12 na isowa lokacin da direba ya danna. Babu mita? Kusanto da sukundireba kan solinoid ɗin, in yana da wuta za ka ji maganaɗisu ya ja ta. Injin da ya yi wata biyu a ajiye cikin ciyawar damina, fara zargin ɓeraye kafin kowa.

Mai cewa a ɗaure wayar kujera don injin ya riƙa aiki ba kowa a kai, ya nemi wani bakanike, ban da ni.

Kofla, wato mahaɗin da ake jona tiyo da shi, ta ƙi shiga, har da gudumar hannu na buga mata.

Shi ya sa yanzu take yoyo. Ƙanena, ba tsatsa ba ce, matsi ne ya maƙale. Ka kwance kayan aiki ka yar a rana tsakiyar Afrilu, man da ke cikin tiyo ya ɗau zafi ya kumbura, ba shi da hanyar fita, sai ya tokare bakin koflar daga ciki. Fara sakin matsin ɓangaren injin: a Bobcat da yawa tura koflar ciki ake yi a riƙe kamar daƙiƙa 5, a wasu kuma sai an kashe injin an murɗa makulli an kaɗa maɓallin gaba da baya. Ɓangaren kayan aikin kuwa, ja shi inuwa ko ka kwara wa tiyon ruwa ka jira. In ya ƙi, rufe mahaɗin da tsumma, kawar da fuska, ka sassauta da sifana kaɗan-kaɗan har man ya tsiyaya. Gobe in ka kwance, jona tiyo biyun da junansu, namiji cikin mace. Matsi ba zai tokare baki ɗaya ba, ƙura ma ba za ta shiga ba.

Kuma a goge baki kafin a jona. Tsumma ne kawai, ba a sayen sa da dala.

Mahaƙin yana juyawa baya.

Ka sauya tiyo. Mayar da su yadda suke.

Da safe guduma na bugu lafiya, amma daga azahar sai ta yi sanyi kamar mai azumi. Mene ne?

To, wannan ita ce tambaya, kuma duk wanda ya ba ka amsarta ta waya cikin minti ɗaya, canka ya yi. Abin da na tabbata da shi ɗaya ne: zafi na da hannu. Man haidirolik in ya yi zafi tsinkewa yake, sai ya riƙa sulalewa ta duk inda ƙarfe ya ɗan ci, inda da safe kaurinsa ke toshe wurin. Ya wuce digiri 82 na Celsius kuma, robobin ciki sun fara lalacewa ke nan. Sai dai zafin na iya zama shi ne cutar, yana iya zama kuma alama ce kawai, rarrabe su shi ne aikin.

Ni da lagireton mai nake farawa, don shi ne mafi arha. Buɗe ƙofar baya ka haska tocila ta cikinsa. Ƙurar hunturu da ta siminti, in suka haɗu da ɗan man da ya yoyo, laka suke zama, iska ba ta wucewa. Na taɓa zuwa wani aiki wajen Mando, an riga an yi wa mai injin lissafin sabon famfo, abin da ya warkar da ita iskar kwamfuresa ce da rabin awa. Amma kar ka ɗauka kullum haka ake dacewa.

In lagireto a tsaftace yake, fanka na juyawa, sai in tambayi abin da ba a son ji: gudumar nan ta wannan injin ce? Ogzilari iri biyu ne. Na yau da kullum yana turo kimanin lita 65 zuwa 95 a minti, babban kuma, mai famfon ƙari, yana kai 115 zuwa 150, ya danganta da girman injin. Kowane kayan aiki da ma'auninsa a rubuce a farantin jikinsa. Ka jona mai buƙatar mai da yawa a ƙaramin layi, zai yi ta jan ƙafa tun safe. Ka tura wa ƙaramar guduma man da ya fi ƙarfinta, rarar ba ta ɓacewa, ta bawul ɗin sakin matsi take komawa tanki, duk wannan ƙarfin kuma zafi yake zama. Awa uku a haka man ya dahu. Kayan da aka sayo na hannu, guduma daga nan, injin daga can, nan suka fi cizo.

Wata sa'a kuma kofla ce ba ta zauna sosai ba, ko cikinta ya ci, musamman ta layin dawowa. Man na matsuwa ta ƙaramar ƙofa. Alamarta: wurin ya fi ko'ina zafi. Kar ka auna da tafin hannu, akwai ɗan ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa.

Yana iya yiwuwa ma injin ba shi da laifi ko kaɗan. Guduma tana da iskar naitirojin a cikinta, in ta ragu bugu ya yi rauni. Hanyar ganewa mai sauƙi: ara kayan aikin wani ka jona da tsakar rana, ko ka kai naka kan wani injin. Ka kuma saurari injin dizal ɗin. In yana durƙushewa da zarar guduma ta kama aiki, ƙila filtar gas ce ta toshe, ka ga maganar ta bar haidirolik gaba ɗaya. Totur ma a cike ake aikin ogzilari, masu tsimin gas su ji da kyau.

Sai duk waɗannan sun fita sannan nake ɗauko gejin auna matsi. Yawancin injunan nan suna ba da matsin bar (ma'aunin matsi ke nan) 210 zuwa 240 a bakin kofla, ainihin adadin naka na cikin littafinsa. In ya gaza, ina zargin bawul ɗin sakin matsi tukuna, ƙila datti ya hana shi rufewa. Ga kuma tarkon da ya kama bakanikai da yawa: famfon da ya ci yana iya nuna matsi mai kyau a geji in an toshe layi, alhali yawan man da yake turowa ya faɗi. Sai mitar auna gudun mai ce ke tona shi, kuma a auna man na da zafi, ba da sanyin safiya ba. Ka kwance filtar haidirolik ka yanka ta. In ka ga ƙyallin garin ƙarfe a cikin takardar, to Alhaji, yanzu kam mu yi maganar famfo, da wanke tanki da layuka, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Ko da duk wannan, na sha ganin laifi biyu a injin ɗaya. Ka gyara ɗaya ta ɗan farfaɗo, ka zaci an gama.

Ba sai in ƙara ɗaure bawul ɗin ba, ƙarfi ya ƙaru?

Ɗaure. Amma ka tanadi kuɗin tiyo da sil, wato robar da ke hana yoyo, da famfo.

Ɗan ƙaramin tiyo na uku da wasu kayan aiki ke zuwa da shi fa, dole ne?

Dole. Shi ke mayar da man da ya tsiyaya cikin moton kayan aiki zuwa tanki ba tare da matsi ba. Ka bar shi a rataye, sil ɗin moton zai fashe, wani lokaci cikin mintuna. In injinka ba shi da baki na uku, wannan kayan ba naka ba ne sai an ja masa layi.

Wane mai zan zuba?

Wanda littafin injin ya ce. Wasu mai lambar kauri 46, wasu 68 a ƙasar zafi, akwai ma kamfanonin da suka yarda da 10W-30. Abin da babu kamfanin da ya yarda da shi shi ne man buɗaɗɗen duro da mazurarin da aka ɗauko daga ƙasa. In mai ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. In yana kumfa, famfo na kuka, iska yake sha ko man ya yi ƙasa.

Ina jin yoyo amma ban ga wurin ba.

Cire hannunka daga nan! Da kwali ake nema. Mai a matsin bar 7 kacal yana huda fata, kai kuma kana wasa da 200. Wurin zai yi kamar cizon sauro, ba jini ba zafi sosai, amma man na ciki yana kashe nama. In ya faru, ba maganar kemis ba ce ko ta jira gobe: a wuce Barau Dikko ko wani babban asibiti nan take, a gaya wa likita ƙarara cewa man haidirolik ne ya shiga da matsi. Kar kuma kowa ya shiga ƙarƙashin hannun da aka ɗaga sai an sa ƙarfen tokare shi.

In kawo ta gareji?

Kawo, amma tare da gudumar da tiyoyinta da direban da ke tuƙa ta, ba ɗan aike ba. Kar a wanke ta, ina son ganin inda mai ya jiƙa. Ku iso da rana, lokacin da take rashin lafiyar.