Gejin Mai da Gejin Zafin Inji

Gejin mai da gejin zafin inji ma'aunai biyu ne da ke kan allon gaban direba, gefen agogon gudu. Na farko yana nuna man da ya rage a tanki, na biyu kuma zafin ruwan da ke sanyaya inji.

Allurar gejin mai tana kai-komo tsakanin E, mai ya kusa ƙarewa, da F, tanki cike. A cikin tanki akwai ɗan ƙoƙo da ke yawo a kan mai. Mai na raguwa yana sauka, wutar da ke zuwa ga allura tana canzawa. Sau da yawa allura kan daɗe a F, sannan ta gangara da sauri bayan rabi, saboda siffar tankin. Ƙaramar kibiyar da ke gefen hoton famfo tana nuna ɓangaren da murfin tanki yake. Jim Moylan na kamfanin Ford ne ya kawo shawararta a 1986. Tun cire tallafin mai a 2023, ba abin mamaki ba ne a ga direba yana yawo fitilar mai a kunne, yana ɗan ƙara lita biyu wajen 'yan bumburutu. Famfon da ke cikin tanki, mai tura mai zuwa inji, shi ne ke shan wahalar hakan, domin man ne ke sanyaya shi.

Gejin zafi yana da C, sanyi, da H, zafi. Inji mai lafiya yakan yi aiki tsakanin digiri 90 zuwa 105, allura kusa da tsakiya. A Kebbi, inda zafin bazara kan haura digiri 40, motar haya da ta sha kaya daga Jega zuwa Yauri ita ce ke fara nuna lagireton da ƙura ta toshe, ko fankar da ta mutu. Idan allura ta doshi ja, sai a kashe na'urar sanyaya mota, a sauka gefen titi, a kashe inji. Ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan yakan yi tsiri ya ƙona fuska. Mai taurin kai da ya ce bari ya ƙarasa gari yakan ƙona gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wani lokacin inji ya buga.

Wasu makanikai kan cire tamostat, 'yar na'urar da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, wai don ƙasarmu da zafi. Ba gyara ba ne: allura ta zauna kusa da C, inji ya ƙara shan mai, ainihin matsalar kuma tana nan. Wasu sababbin motoci ma ba su da allurar, sai fitila shuɗiya in inji bai ɗumama ba, ja in ya yi zafi.