Don Girman Allah Ku Daina Ɓoye Mana Ciwo

Iyayena, yayyena da ƙannena na Kano, barkanmu da shan ruwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a cikin birni, kuma abu ɗaya ne ya hana ni barci har na ɗauki waya nake wannan rubutu a cikin azumin 2020, lokacin annobar korona: ɓoye ciwo. A kawo mana mara lafiya, mu yi tambaya, a dube mu ido cikin ido a shirga mana ƙarya. Abin ya zama ruwan dare, kuma ya ishe mu.

Kafin wani ya ce mai albashi ce shi ya sa take da bakin magana, bari in faɗi abin da kowa ya sani. Ana cikin wani hali. Tun daren 16 ga Afrilun 2020 gwamnatin jiha ta sa dokar kulle saboda korona, azumi ya kama ranar 24, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu cur. Garin da yawancin mutanensa hannu baka hannu ƙwarya suke, sai an fita ake samun na cefane. Ɗan sahu ya jingine mashin, ba na balas ba na gida. Ɗan dakon Singa ba kaya, yaran shago a Kantin Kwari suna zaune, tela da ya kamata a ce yanzu ɗinkin Sallah ya hana shi runtsawa yana ta hamma a bakin keke. Matar da take riƙe marayunta da kaskon awara ba masu saye. Kwanon gero da na shinkafa sai hawa suke. An ce Litinin da Alhamis a fita daga ƙarfe 10 zuwa 4 a yi sayayya a 'Yankaba da 'Yan Lemo, to da wane kuɗin? Tallafin da ake ta faɗa a rediyo, gidaje da yawa labarinsa kawai suka ji. Ni ma ina cewa bai dace a rufe mutum a gida ba tare da an tanadar masa abin da zai sa a tukunya ba, kuma masu mulki su ji wannan. Duk wanda ya ce min "yunwa ta fi korona kisa", ba na yi masa musu, don na ga yaran da ake kawowa sun rame sun yi zuru-zuru.

Amma yunwa ba ta sa ka yi min ƙarya a kan tarin mahaifinka ba. Wannan kai ka zaɓa.

Ga yadda abin yake faruwa. Bayan la'asar samari biyu su shigo riƙe da dattijo, ko tsayuwa ba ya iyawa. In ce, "Sannu Baba, me ke damun ka?" Kafin ya buɗe baki babban ɗan ya tare: "Maleriya ce, Malama, a yi masa allura kawai." Yana tari? A'a. Ya yi tafiya, ko wani a gidan ya dawo daga tafiya? A'a, duk muna gida. In sa ma'aunin zafi, jiki lafiya lau. Amma ina kallon ƙirjin Baba yana sama yana ƙasa, haƙarƙari na lotsawa, kalma uku ba ya iya haɗawa sai ya tsaya ya ja numfashi. A aljihun rigarsa ga ɓawon farasitamol an ɓalle biyu, wato an ba shi a hanya don kada zafin ya nuna. A bayan hannunsa ga filasta, shaidar an yi kwanaki ana yi masa ƙarin ruwa a kemis. Sai can ƙaramin jikan da ya biyo su riƙe da buta ya ce, "Ai Yaya ma haka ya yi ta tari da ya dawo daga Legas a motar kaya." A daka wa yaro tsawa. A lokacin na riga na taɓa Baba, na sunkuya kansa, abokiyar aikina ta auna masa jini, ga mata masu ciki a jere a kan benci ɗaya da shi, wata da goyo.

Haba jama'a! Wannan wace irin ƙauna ce? Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ka zo wurin magani, sannan ka ɓoye abin da za a yi wa maganin?

Na san abin da kuke tsoro, don idan hankali ya kwanta kuna faɗa min. Kuna tsoron a ɗauke maigida a kai shi wurin killace masu korona na Kwanar Dawaki, gida ya rasa mai nema. Kuna tsoron a ce duk gidan su killace kansu kwana 14, alhali ko na kwana biyu babu a ɗaki. Kuna tsoron motar ma'aikata ta tsaya a ƙofar gida da mutane cikin fararen kaya, unguwa ta ɗauka, a daina sayen ƙosanku, a janye maganar auren 'yarku. Ba na raina ko ɗaya a ciki. Sai dai ku zauna ku yi lissafin da kyau. Maigidan da kuka ɓoye don kada a rasa mai nema, ai ba nema yake ba, yana kwance. Kuɗin da ake ririta wa sun tafi kemis: yau allurar maleriya, gobe maganin taifot, jibi a ce shawara ce a dafo saiwa. An ci bashi, an sayar da akuyar uwargida. Ranar da numfashi ya sarƙe aka kinkimo shi, lokacin da taimako zai yi amfani ya riga ya wuce. A ƙarshe a rasa kuɗin, a rasa mutumin, sannan tsohuwar da ta yi jinyarsa ita ma ta kwanta. Kamar wanda wuta ta kama ɗakinsa ne ya ja ƙofa ya rufe don kada maƙwabta su ga hayaƙi.

Kuma abin da ba ku lura da shi ba, ƙaryar nan ba a gidanku take tsayawa ba. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Ba a rufa wata ba, likitoci da ma'aikatan jinya da dama sun kamu a garin nan, kuma da yawansu a bakin aiki suka ɗauka, wurin duba marasa lafiyar da ba a san suna ɗauke da ita ba. Idan ma'aikaci ɗaya ya kamu, duk waɗanda suka yi aiki tare da shi sai sun koma gida an killace su. A asibiti irin namu da ma'aikatan ba su taka kara sun karya ba, wannan na nufin a sa kwaɗo a ƙofa. To mai naƙudar tsakar dare ina za ta? Yaron da ya shiɗe da zazzaɓi fa? Kuna ta kuka cewa asibitoci suna korar marasa lafiya, wasu masu zaman kansu ma sun rufe. Gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan a kori kowa. Amma ku sani tsoron da ya kama ma'aikata, ɓoye-ɓoyen nan na cikin abin da ya haifar da shi. Mu ma muna da 'ya'ya. Ni da nake muku magana ina da tsohuwa mai ciwon suga a gida, kullum na dawo sai na tuɓe kayan aiki a zaure na yi wanka kafin in gaishe ta.

Sannan ku da kuke so a buɗe gari, wa ya fi ku buƙatar a faɗi gaskiya? Ana sassauta doka ne idan aka ga masu kamuwa suna raguwa, kuma ba sa raguwa sai an gano mai ita da wuri an raba shi da jama'a. Duk mai zazzaɓi da tari da ya daure ya shiga turmutsitsin kasuwa ranar Alhamis, ya rataye takunkumi a haɓa, ya yi musabaha da mutum ashirin, ya ƙara mana kwanakin kulle ne da hannunsa. Gobe kuma shi ne zai fi kowa zagin gwamnati a majalisa.

Masu cewa cutar manya ce, ta masu hawa jirgi, ku ma ku saurara. Eh, ta kama manya. Gwamnan Bauchi Bala Mohammed ya kamu, Gwamnan Kaduna a 2020, Nasir El-Rufai, ya kamu, dukansu ba su ɓoye wa jama'a ba, an yi jinya sun warke. Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ita ce ajalinsa ranar 17 ga Afrilu, Allah Ya jiƙansa. Idan gwamna bai ji kunyar faɗa ba, kai kunyar me kake ji? Kuma an gwada almajiran da aka mayar jihohinsu daga nan Kano an samu masu ɗauke da ita, su wane jirgi suka hau? Ku tambayi masu haƙar kabari yadda suka wuni a makonnin nan. Dattawa nawa muka rasa a unguwanninmu, malamai da 'yan kasuwa, a ce ɗan zazzaɓi ne na kwana uku? Ba na cewa duk korona ce. Akwai masu hawan jini da suga da suka rasa inda za su ga likita, ga zafin bazara. Amma wanda ya ce babu hannunta a ciki yana yaudarar kansa ne.

Wani kuma ya ce min, "Malama, ciwo da mutuwa duk na Allah ne." Haka ne, Malam, babu mai ja. To ƙaryar fa, ta wa ce? Da bakin azumi? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta sauka kuna ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da aka yi masa maganar ƙaddara ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ka'aba kanta kun ga hotonta a waya, ba masu ɗawafi. Ka tambayi malaminku hukuncin wanda ya san yana da ciwo mai yaɗuwa ya ɓoye har ya shafa wa maƙwabci ya mutu, ka ji abin da zai ce.

Yanzu ga maƙwabta, don rabin laifin nan namu ne. Mutum ba zai ɓoye ba da ya san idan ya faɗa ba za a guje shi ba, kuma yaransa ba za su kwana da yunwa ba. Gidan da aka killace, ba gidan kunya ba ne. Ku aika musu da kunu da ƙosai lokacin buɗa-baki, a ajiye a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa, ba sai an shiga ba. Mai garuwa ya juye musu ruwa a bokitin da suka fito da shi. Alhazan unguwa masu fitar da zakka a watan nan, ga inda za ta, kusa da ku, ba sai an tara mata ɗari a ƙofar gida suna ture juna ana ɗaukar hoto ba. Mai unguwa da limami sun san kowane gida, su haɗa ɗan asusu. Wanda ya warke ya dawo, ku yi masa barka, ku ci gaba da sayen kayansa. Masu bin gida-gida da gulmar "gidan su wane an zo da mota", ku ji tsoron Allah, bakinku ne yake sa ana ɓoye marasa lafiya a ƙuryar ɗaki.

Kuma ku kwantar da hankalinku, kamuwa ba mutuwa ba ce. Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu, ciwon ba ya yi musu tsanani, suna warkewa. Waɗanda muke jin tsoro a kansu su ne tsofaffi da masu suga, hawan jini, asma da ciwon zuciya ko ƙoda. Su ne kuma aka fi ɓoyewa, abin takaici.

Lokacin sahur ya matso, bari in taƙaita:

- Zazzaɓi da busasshen tari, ko ka daina jin ƙamshi da ɗanɗano: zauna a gida, ranar kasuwa ka aiki mai lafiya.
- Ware masa ɗaki ko lungu, a buɗe taga, kofinsa da kwanonsa da butarsa daban. Mutum ɗaya ya yi jinya, mai ƙuruciya, da takunkumi. Ban da Hajiya Kaka.
- A dakatar da 'yan dubiya. A gaisa ta waya.
- Sabulu da ruwa, ba sai sanitaiza mai tsada ba.
- Kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ko lambobin jiha da ake faɗa a rediyo. In ba a ɗauka ba, sake kira, ko ka sanar da asibitin unguwarku.
- Numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, rikicewa, ko leɓe ya canza launi: asibiti yanzu, ba kemis ba, ba sai an sha ruwa ba. Mara lafiya yana da rangwamen azumi.
- Kada a ba shi farasitamol don a rufe mana ido. In ya sha, ku faɗa.

Idan kun iso, tun daga bakin ƙofa ku ce, "Malama, yana tari, kuma ɗansa ya dawo daga tafiya." Shi ke nan. Zan sa safar hannu da takunkumi, in zaunar da shi gefe nesa da masu ciki, in duba shi, in kira waɗanda ya kamata. Ba zan kore ku ba, ba zan yi muku tsawa ba, kuma maganarku ba za ta fita unguwa daga bakina ba.

Masu hawan jini da suga da maganinsu ya ƙare suka yi shiru a gida don tsoron asibiti, ku ma ɓoyon ne kuke yi, ku fito da katinku. Awon ciki da rigakafin yara ba a daina ba, ku zo da safe kafin rana ta take, kowa da takunkuminsa, ko na atamfa ne.